Rumbu ba shi da taga



Yau maganar ajiya za mu yi. In ka biyo kwalta daga Kore Mairuwa zuwa Dogon Dutsi bayan kaka, ko ka ratsa ƙauyukan Tibiri da Gesheme da Matankari, sau da yawa rumbuna kake fara hangowa kafin ka ga gidaje. Ka tsaya ka dubi ɗaya da kyau. Ba shi da taga. Ba shi da ƙofa irin ta ɗaki. Ba a yi masa ado ba. Yana zaune bisa duwatsu ko itace, bakinsa a rufe, jinka a kansa. Mai wucewa bai san ko cike yake ko wofi ba. Amma ran gidan duka yana cikinsa.

Na kawo maganar rumbu ne saboda wata na'ura da ta yi kama da shi. Kwamfuta ce, wadda wasu ke kira na'ura mai ƙwaƙwalwa. Amma wannan ba ta da gilashin kallo, ba ta nuna hoto, ba a zama gabanta. Ana aje ta a lungu, ana zuba mata takardu da hotuna da muryoyi, ita kuwa ta riƙe. Wanda ya fara ganinta yakan ce: wannan ai ba ta cika ba, ina fuskarta? Kafin mu amsa masa, bari mu koma baya.

Abin da kakanni suka sani

Ruwa wata uku ko huɗu yake yi a ƙasar Arewa, ci kuwa wata goma sha biyu ne. Shi ya sa tun kaka da kakanni ajiya ta zama rabin noma. Wanda ya iya huɗa da shuka amma bai iya ajiya ba, ya yi wa gara da ɓera aiki.

Dubi dabarun da ke cikin rumbu ɗaya. An ɗaga shi daga ƙasa don danshi da gara. An aje hatsi da zangarniyarsa, dami a kan dami, domin hatsin da ba a sussuka ba ya fi jimre wa ƙwari, yana iya shekara biyu ko uku. Wake kuma, da yake ƙwaro ya fi son sa, akan gauraya shi da toka ko rairayi. A ƙauyuka da yawa ana kafa rumbuna nesa da ɗakunan kwana da murhu. Dalili? Gobara. In wuta ta ci gari, kada ta haɗa da abinci. Mai hali kuma ba ya tara komi wuri ɗaya. Ga rumbun gandu, ga na gamana, ga ƙaramar ruhewar uwargida.

Sai babbar magana: wa ke buɗewa? Rumbun gandu yana hannun maigida. A gidaje da yawa yakan rufe shi da rani, samari su tafi cin rani, a yi ta lallaɓawa da abin da ke hannu. Sai damina ta faɗi, aikin gona ya tashi, sannan a buɗe. Maigida ba ya bukatar taga don ya san abin da ya rage. Ya ƙirga damman da ya zuba, yana ƙirga waɗanda ya fitar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Lokacin da mabuɗi ya bar hannun mai hatsi

A watan Afirilu na 1899 rundunar Nasara ta Bule da Shanuwan ta biyo ta ƙasar nan, ta Matankari, ta gwabza da mutanen Sarauniya a Lugu, sannan ta wuce Birnin Ƙonni. Runduna ce mai baki da yawa, ga sojoji, ga ƴan dako, ga dabbobi. Ba ta zo da abincinta ba. Rumbunan talakawa ta ci, ta ƙone garuruwa a bayanta. Ranar nan mutane suka ga cewa rumbun da ya tsira daga gara bai tsira daga mai bindiga ba.

Bayan Nasara sun zauna sai ga lanho. Sai ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba. Sai kuma ta 1931, wadda ta biyo bayan fara da ƙarancin ruwa, ta kashe dubban mutane a yammacin ƙasar nan. Abin takaici, ana cikin yunwar ana karɓar lanho. Da abin ya yi muni har labari ya kai Faransa, sai gwamnatin Nasara ta matsa a kan rumbunan tsimi na dole. Kowane gida ya kawo rabonsa, a zuba, a rufe. Ba a buɗewa sai da izinin kwamandan.

In ka duba da idon basira, dabarar ba ta da laifi. Tsimi ai abu ne mai kyau. Amma talakawa sun ƙi jinin rumbunan nan, kuma ni ina ganin suna da gaskiya. Hatsinka ne, guminka ne, ga shi kana kallo, ɗiyanka na kuka, mai mabuɗi kuwa yana can bariki, tafiyar yini ko fiye. Wani lokaci in an buɗe a tarar hatsin ya lalace, ko ya ragu ba a san wanda ya ɗiba ba. Shi ya sa da aka fara siyasa bayan 1946, shekarar da aka soke aikin tilas, rumbunan dole suna cikin abubuwan da jama'a suka fi kuka da su.

Bayan samun mulkin kai a 1960 ba a bar maganar ba, sai dai ta sake kama. A 1970 gwamnati ta kafa OPVN don saye da ajiyar cimaka. Farin 1973 da 1974 ya nuna ajiyar ba ta isa ba, kuma zargin ɓoye hatsin taimako yana cikin abin da aka faɗa lokacin da sojoji suka karɓi mulki ran 15 ga Afirilu 1974. Daga shekarun 1980 aka shiga kafa bankunan cimaka a ƙauyuka, mabuɗi ya dawo hannun kwamitin gari. Wasu sun ɗore, wasu da yawa sun mutu, galibi saboda bashin da ba a biya ba da lissafin da ba a rubuta ba.

Ka riƙe wannan tarihi a ranka, don za mu sake cin karo da shi.

Wata irin dukiya

Yanzu akwai abin ajiya da ba a aunawa da tiya. Takardar haihuwar yaro. Takardar gona, wadda kwamitocin filaye ke bayarwa tun bayan dokar karkara ta 1993. Littafin lissafin ƙungiya: wa ya zuba, wa ya ci bashi, wa ya biya. Hoton mahaifi da ya rasu. Muryar tsohuwa tana ba da tarihin gidansu. Karatun malam.

Tun da salula ta shigo ƙasar nan a farkon shekarun 2000, yawancin waɗannan abubuwa sun koma cikinta, a wani ɗan kati da bai fi farce ba. To salula tana faɗawa rijiya. Ana sace ta ran kasuwa. Katin kansa yakan mutu dare ɗaya ba ciwo ba zazzaɓi. Mutum ya ɗauki duk abin da ya mallaka na tunawa ya sa a aljihu, yana yawo da shi. Kakanka ba zai taɓa yin haka da hatsinsa ba.

Sai a ce maka: zuba su a intanet, can ba su ɓata. Gaskiya ne manyan kamfanoni irin Google da Facebook suna da wuraren ajiya masu ƙarfi. Amma ka san mene ne intanet ɗin a nan? Rumbun wani ne, a wata ƙasa, mabuɗi a hannunsa. Kuma sai da kuɗin waya kake kai wa gare shi. A 2019 wani kamfanin Amurka mai suna MySpace ya fito ya ce waƙoƙin da mutane suka zuba masa daga 2003 zuwa 2015 sun ɓace, miliyoyi, ba a iya dawo da su. Nan gida kuma, bayan zaɓen watan Fabrairu na 2021, an rufe intanet ɗin salula har kwana goma. Wanda takardarsa ke can kaɗai, a kwanakin nan ya zama kamar talakan 1935 a gaban rumbun kwamandan.

Wannan ne ya sa wasu mutane a duniya suka ce: bari mu gina namu rumbun a gida.

Ta yaya kwamfuta ta sami fuska?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kwamfuta ta daɗe a duniya kafin ta sami gilashin kallo. A 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da na'ura ta farko mai faifan ajiya. Faya-fayai 50 ne na ƙarfe, jere bisa juna, faɗin kowane ya kai santimita 60. Nauyin wurin ajiyar ya kai tan guda, wato buhu goma na hatsi mai kilo ɗari ɗari. Abin da yake ɗauka kuwa harafi miliyan 5 ne. Hoto ɗaya ko biyu na salular yau sun isa su cika shi. Ba ta da gilashi ko kaɗan. Ana ba ta umurni da katunan takarda masu huji, ita kuma ta buga amsa bisa takarda.

Sai daga baya, da kwamfuta ta ƙanƙance ta hau tebur, aka ga mai aiki da ita yana son ya ga abin da yake yi nan take. A 1981 IBM ta fitar da ƙaramar kwamfutar ofis. A cikinta akwai wani allo siriri da ake soka mata, aikinsa ɗaya ne: ya ɗauki abin da na'ura ta lissafa ya zana shi bisa gilashi. Shi ne ake kira katin hoto. Na farkon nan mai sauƙi haruffa kaɗai yake nunawa, kore bisa baƙi.

A shekarun 1990 wasannin kwamfuta da fina-finai suka yawaita. Katin hoto ya yi ta girma, ya sami fankarsa, ya sami tasa ƙwaƙwalwa. Kamfanin Nvidia ya yi suna da shi daga 1999. Yau akwai katin da ya fi sauran kwamfutar duka tsada, kuma a 2021 kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo har ya yi wuyar samu a kasuwannin duniya. A hankali mutane suka ɗauka cewa kwamfutar da ba ta da shi ragowa ce.

Amma shiga wuraren ajiyar manyan kamfanonin nan. Zaure ne dogo, na'urori dubbai jere bisa kantoci, kamar damma a rumbu. Babu gilashi gaban kowace. Ba mai kallon su. Ma'aikaci yana zaune wani ɗaki, ko ma wani gari, yana yi musu magana ta waya. Katin hoto don idon mutum aka yi shi. Na'urar da aikinta riƙo ne ba ta da abin da za ta nuna wa kowa.

Yadda ta sauko zuwa gida

Abu biyu suka kawo wannan na'ura hannun talaka. Na farko, tsarin da ke tafiyar da ita ya zama kyauta. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara wani tsari mai suna Linux, ya bar shi ga kowa, ba saye ba haya. A 2005 wani Bafaranshe, Olivier Cochard-Labbé, ya fitar da FreeNAS, wanda ke mai da tsohuwar kwamfuta ta zama rumbun gida. Na biyu, na'urar kanta ta yi araha. A 2012 aka fitar da Raspberry Pi a Ingila, kwamfuta ce da ba ta fi tafin hannu ba, kuɗinta dalar Amurka 35 a lokacin.

A shekarar nan ta 2012 aka fara wani shiri mai suna Afripédia don jami'o'in ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, aka yi horon farko a Abijan. Ƴar akwati ce ake kaiwa, ba gilashi ba madannai. An zuba mata kundin sani na Wikipedia gaba ɗaya. Ana soka ta a wuta, sai ta watsa abin da ke cikinta ta iska, ta hanyar da ake kira waifai. Ɗalibin da ke kusa ya kama da salularsa ko kwamfutarsa ya yi karatu, ko da babu intanet a garin. Ka ga rumbu ke nan a tsakar gida, kowa na ɗiba, ba ya raguwa.

To yaya ake magana da abin da ba shi da fuska? Salularka ce fuskarsa. Na'urar tana da lamba, kamar yadda gida ke da lamba a birni. Ka rubuta lambar a salula, ka sa kalmar sirri, sai shafi ya buɗe: ga abin da ke ciki, ga wurin da ya rage, ga zafin jikinta. Ka zuba, ka ɗiba, ka rufe. Gilashi ɗaya da ke aljihunka ya wadatar.

Ranar farko kaɗai ake bukatar gilashi na musamman, lokacin da ake zuba mata tsarin. Wannan kuwa aro ake yi, kamar yadda ake aron tsani ranar zuba damma. An gama a mayar wa mai shi. Kwamfutoci da yawa na yanzu suna da ɗan ƙaramin mai zane a cikin ƙwaƙwalwarsu tun daga masana'anta, ba sai an sayi kati dabam ba. Amma akwai wasu masu taurin kai. In ka cire musu katin hoto sai su ƙi tashi, su yi ta ƙara ƙit ƙit kamar ɗan tsako. Wasu ana iya shiga saitinsu a ce musu su wuce, kada su tsaya neman gilashi. Wasu ba su jin magana. Irin waɗannan sai a nemo musu tsohon kati mafi araha wurin masu gyara, a soka, a manta da shi. Don haka wanda zai sayi tsohuwar kwamfuta don wannan aiki, ya sa a gwada ta gabansa ba kati, kafin ya biya.

Me ya sa ake wannan wahala, ba a bar katin kawai ba? Saboda wuta da zafi. Babban katin hoto in yana aiki yana iya cin wat 200 ko 300, ko yana zaune banza ma yana lasar wani abu. Ƙaramar kwamfuta irin ta tafin hannu ba ta cika kai wat 10 ba. Rumbu kuwa dare da rana yake a kunne. A birni bambancin nan kuɗi ne a ƙarshen wata. A ƙauye shi ne bambancin abin da farantin hasken rana ɗaya da batir za su iya ɗauka da abin da ba za su iya ba. Ko masu wutar gari sun ji a jikinsu a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Ga kuma bazararmu, da zafi ke wuce awo 40 a inuwa. Duk abin da ke cin wuta zafi yake fitarwa, zafi kuwa yana rage kwanan faifai. Ƙura ma haka. Fanka ta jawo iska, ta jawo ƙurar hunturu tare da ita, ta toshe. Gara da danshi na wannan rumbu su ne zafi da ƙura da wutar da ke ɗaukewa ba sallama.

Kada in ɓoye maka aibinta. Ranar da ta yi shiru, ka kira lambarta ba ta amsa ba, ba ka da tagar leƙawa. Sai an sake ɗauko gilashi an haɗa, ko a nemo wanda ya iya. Kuma in ana so ta riƙa sarrafa fim tana raba wa mutane da yawa lokaci guda, nan katin hoto yana da amfani. Amma ajiyar takardu da hotuna da muryoyi ba ta bukatarsa.

Faifai ma yana mutuwa. Ba a tambayar ko zai mutu, sai dai yaushe. A 1988 wasu masu bincike uku na jami'ar Bakli a Amurka suka bayyana dabarar haɗa faya-fayai masu araha su yi aiki tare. Mafi sauƙinta ita ce a sa biyu, duk abin da aka rubuta a ɗaya a rubuta a ɗayan. In guda ya mutu, ɗan'uwansa na nan. Dabara ce mai kyau, sai dai duka biyun cikin akwati ɗaya suke. Ɓarawo ba zai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ba, gobara ma haka, tsawa ma haka. Wanda ya kafa rumbunsa nesa da murhu ya riga ya san maganin wannan: a kwafe abin da ya fi muhimmanci a wani faifai dabam, a kai shi wani gida.

Wa ya kamata ya yi?

Ba kowane gida ba. Wannan ra'ayina ne, kuma na san masu sayar da kaya ba za su so shi ba. Magidanci mai hotuna ɗari da takardu biyar ba ya bukatar na'ura. Ya sayi kati na biyu, ya sa a kwafe masa, ya naɗe a takarda ya sa cikin gwangwani a adaka. Bayan wata shida ya fito da shi ya gwada, ya ƙara sababbi. Takardun asali kuma ya riƙe su da kyau, domin a gaban alƙali ko a ofishin magajin gari takarda mai hatimi ake tambaya, hotonta shaida ce kawai in ta ɓata.

Inda na'urar ke da amfani shi ne inda jama'a suka haɗa kai: ƙungiyar manoman wake, asusun mata, makaranta, gidan rediyon karkara da ke da muryoyin tsofaffi na shekaru, ko ƙaramin asibiti. A irin waɗannan wurare lissafi yakan zauna a salular mutum ɗaya. Ran da ya ɓata da jama'a, ko ya tafi, lissafi ya tafi tare da shi.

Nan ne tarihin mabuɗi ya dawo. Kalmar sirri ita ce mabuɗin wannan rumbu. Sau da yawa yaro ɗaya ne a gari ya iya na'ura, shi ya kafa ta, shi kaɗai ya san kalmar. Kaka ta wuce ya tafi cin rani Legas ko Abijan ko Libiya. Ga akwati a lungu tana ƙyafta ido, ga lissafin mutum ɗari a ciki, ba mai iya buɗewa. An sake yin kwamandan, wannan karo ɗan gida.

Manomanmu sun riga sun ga maganin wannan a wani wuri. Tun wajen 1999 aka shigo da tsarin jinginar amfanin gona a Nijar: ƙungiya ta zuba buhunanta a mangaza bayan kaka, asusun bashi ya ba ta kuɗi, a sayar in farashi ya tashi. Ƙofar mangazar kwaɗo biyu ake sa mata. Mabuɗi ɗaya wurin manoma, ɗaya wurin masu bashi. Ba wanda ke buɗewa shi kaɗai. Haka ƙungiya za ta yi da na'urarta. A rubuta lambarta da kalmar sirri a takarda, da hannu, da manyan haruffa. A yi kwafi biyu, a sa kowane cikin ambulan a liƙe. Ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji. Yaron da ya kafa ta kuma, kafin ya hau mota, ya zauna da mutum biyu, mace da namiji in da hali, ya sa su buɗe su rufe da hannunsu har sau uku yana kallo.